Yayana Da Ajin Waƙarsa Na Shiru

Shekara talatin da ɗaya yayana ya yi yana koyar da tsara waƙa a makarantar sakandare, kuma har ya shiga zangonsa na ƙarshe bai taɓa jin ɗalibansa sun buɗe baki sun rera abin da suka tsara ba. Duk wanda na gaya wa haka sai ya yi dariya ya ce na cika ƙara gishiri. To ni ce mai buga takardu a ofishin makarantar, shekara ashirin da shida ina kan kujera ɗaya, bango ɗaya ne tsakanin teburina da ajinsa, bangon ma siriri, in wani ya yi atishawa a can ina iya yi masa sannu daga nan. Da an taɓa yin waƙa a ajin nan ni ce zan fara ji.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ne babba ni ce auta, shekara tara tsakaninmu. Babanmu kafinta ne, shagonsa a jikin gida. Tun Yaya yana ɗan mitsitsi duk abin da hannunsa ya kai sai ya mai da shi ganga: murfin tukunya, bokitin wanka, ƙofar banɗaki, har tsakiyar kaina ta sha kiɗa lokacin da ba ni da bakin kai ƙara. Baba ya so ya gaje shi. Ya ba shi guduma, aka ga yaro yana da hannu, sai dai yana da wata cuta. Ƙusa ta riga ta shige ta gama aikinta, shi kuwa sai ya ƙara mata bugu biyu don kiɗan ya cika. Katako nawa ya tsaga ta haka, Allah kaɗai ya sani. Ranar da ya tsaga ƙafar gadon wani lauya Baba ya karɓe gudumarsa, ya ce wannan yaro a kai shi inda ake ɗaukar mutum aiki don ya yi ƙara. Haka ya tafi kwalejin horar da malamai, ya karanta kiɗa da waƙa, ya fito da takarda mai kyau.

Abu ɗaya ne kwalejin ba ta iya ba shi ba, shi ne murya. Ina son Yaya har raina, amma ba zan yi ƙarya saboda shi ba: muryarsa irin ta tsohuwar ƙofar ƙarfe ce da ta shekara ba ta ga mai ba. Kunne ne Allah ya ba shi. In mota ta yi oda a titi zai gaya maka a wane sauti ta yi, in cokali ya faɗi a kicin ya san na shayi ne ko na miya.

Ya zo makarantar a kan rashin sa'a. Wata biyu kafin zuwansa wani sufeto daga ma'aikatar ilimi ya kai ziyarar ba-zata, ya tarar da makaranta tsit. Abin da bai sani ba, ranar an mayar da rabin yara gida saboda ciwon ido da ya ɓarke, ragowar kuma suna barci a kan tebura don malamai suna taro. Bawan Allah ya zaga ko'ina bai ji ko tari ba, ya koma ya rubuta cewa bai taɓa ganin makaranta mai tarbiyya irin wannan ba. Aka aiko da lambar yabo ta katako mai rubutu ruwan zinare, aka rataye ta a ofishin shugaba. Tun daga ranar shiru ya zama abin alfaharinmu. Wasu makarantu suna tinƙaho da likitocin da suka yaye, mu da shiru muke tinƙaho.

Darasinsa na farko minti huɗu ya yi. Ya sa yara tafi, ɗaya biyu, ɗaya biyu uku, bai kai ga cewa su ɗaga murya ba shugaban wancan lokacin ya faɗo ajin da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya tambayi Yaya ko gidan rawa ya ɗauki nan. Yaya ya nuna masa manhaja, inda aka rubuta cewa kowane ɗalibi zai tsara waƙarsa kafin ya gama makaranta. Shugaba ya ce madalla, su tsara. Jarrabawa a takarda ake yin ta, mai duba takarda kuma da ido yake dubawa, ba a taɓa jin ya kara ta a kunne ba. Ya ce in Yaya yana son aikinsa, ya nemo hanyar da za a yi waƙar nan ba tare da an dami mutane ba.

Da ni ce, wallahi da ranar an yi ta ta ƙare. Amma Yaya mutum ne da in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Ya koma gida ya kwana biyu yana tunani, ya dawo da hanya, kuma babban abin haushin shi ne hanyar ta yi aiki.

Kiɗa da yatsu biyu ake yin sa a kan cinya, inda nama ke shanye ƙara. Hawa da saukar murya da hannu yake nunawa: hannu ya yi sama murya ta hau, ya yi ƙasa ta sauka, in ya tsaya a gaban ƙirji a ja ta. Kalmomi kuma leɓe ne kawai ke motsi, a ja numfashi inda ya kamata, a sake shi a hankali ta hanci. Sauran aikin a takarda yake, layuka biyar, ɗigo-ɗigo a kansu, do re mi a ƙasa. Ya koya wa yara su riƙa jin waƙar a cikin kansu, shi kuma ya ƙware a karatun leɓe har yakan tsayar da aji ya nuna wani a layin baya ya ce masa cikin raɗa, kai, ka sauka da wuri. Yaron ya sunkuyar da kai, don ya san ya sauka da wurin. Baƙo in ya leƙa ta taga sai ya ga yara arba'in suna tauna iska suna sosa cinya, malami a gaba yana korar ƙudan da babu su. Yara suka sa masa Malam Shiru, sunan ya bi shi har kasuwa.

Wani lokaci waƙa takan fi ƙarfin yaro, ya manta ya saki ɗan sauti ta hanci. Hukuncinsa a dokar makaranta yankan ciyawa ne, kuma ba Yaya ke yankewa ba, daga ofis ake jiyowa a aiko. Ba makarantar da ciyawarta ta kai tamu gajarta, kuma waɗanda suka fi kowa hazaƙa a ajin Yaya ne suka yanke ta. Kafin yaro ya kai aji uku ya warke, ko a mafarki ba ya sake yi.

Kada ku ɗauka makarantar ba ta da kayan kiɗa. Muna da su, mu ba matsiyata ba ne. Akwai fiyano da wata ƙungiya ta ba mu kyauta, yana ofishin shugaba an lulluɓe shi da zane, a kansa ake ajiye fayil-fayil da butar shayi, kuma ban taɓa ganin teburi mai ƙarko irinsa ba. Akwai ganguna shida a sito. Duk ƙarshen shekara ni ke buga takardar kayan makaranta, in rubuta ganguna shida suna nan lafiya, mai sito ya sa hannu. Wata shekara na leƙa na tarar ɓeraye sun cinye fatun har sun haihu a ciki. Na gaya wa mai sito, ya ce shi ba a tambaye shi fata ba, ganguna aka tambaye shi, kuma shida ne.

Shugabanni huɗu suka yi zamani da Yaya. Kowa ya zo sai ya canja fentin ofis, ya canja lokacin tashi, wani har launin safar yara ya canja, amma ba wanda ya taɓa dokar shiru. Malamin lissafi kuwa ya gano cewa darasin da ba a jin ƙararsa ba mai lura in ya ɓace, sai ya riƙa shigowa da allinsa ya ce Malam, ɗan ba ni minti ashirin. Yaya ya tattara littattafansa ya koma bayan aji ya zauna, wani lokaci har ya taya shi share allo. Na sha yi masa faɗa a kan wannan, ni ƙanwarsa, har in ji kunyar kaina. Sai ya ce, Auta, ki bar shi, lissafi ma ai abu ne mai amfani.

Wuri ɗaya ne a duniya ake jin waƙoƙin nan, tsohon shagon Baba, wanda Yaya ya mayar ɗakin karatu bayan rasuwarsa. Kullum aka tashi zai ɗaure littattafan yara a bayan babur, ya kai gida, ya rufe ƙofa, ya ɗauko jan biro, ya rera su ɗaya bayan ɗaya da wannan muryar tasa. Bai yarda ya ba yaro maki bai ji abin da ya tsara ba. Aji uku, yara ɗari da ashirin. Maƙwabta sun yi ƙorafi har sun gaji, telan da ke jikin bangon saboda Yaya ya sayi rediyo. 'Ya'yansa huɗu a cikin wannan ƙugin suka tashi, kuma ba wanda ya bi sahunsa. Babban ya ce shi waƙar da ya ji a gidan nan ta ishe shi har ya mutu. Matarsa, Anti, ita ce ta jure. Daga kicin take sanin yaran da ba ta taɓa gani ba. Sai ka ji ta ɗaga murya ta ce, Malam, wannan ai yaron nan ne mai satar waƙar talla, ba shi huɗu. Yaya ya ba shi biyar, don shi bai iya mugunta ba.

Za ku ce to yaran ba sa rerawa a hanya in an tashi? Haba. Wa kuka taɓa ji yana rera aikin gida? Suna fita ƙofar makaranta waƙar rediyo suke kamawa, ta Malam Shiru kuma tana cikin jaka tare da lissafi da tarihi, abu ne na neman maki. Kuma suna samun makin. Makarantarmu ta sha zuwa ta ɗaya a darasin, kowane shugaba kuma ya sha faɗa a taron iyaye cewa ga amfanin shiru nan kowa ya gani.

Sau ɗaya tak ya taɓa gaya mini abin da ke ransa. Mun je dubiyar wani tsohon malami a asibiti, ya goyo ni a babur muna dawowa, sai ya yi magana bai ko waiwayo ba.

"Auta, duk waƙar da yaran nan suka yi, da muryata kaɗai na san ta. Ina so in ji ɗaya da tasu muryar, ko ɗaya ce, kafin in tafi."

Na ce to ka buɗe musu baki mana, me za a yi maka, kashe ka za a yi? Ya ci gaba da tuƙinsa har muka iso gida. Abin ya tsaya mini a rai, don ban taɓa jin Yaya ya ce yana son wani abu ba, ko ƙashi aka sa masa a miya maimakon nama godiya yake yi.

Saura wata biyu ya yi ritaya sai takarda ta zo daga ma'aikata. Wani babba a can ya yi tafiya ya ga yara suna rera waƙar makarantarsu, abin ya burge shi, ya dawo ya ba da umarni kowace makaranta ta mallaki tata, kuma babban sufeto zai zagayo ya saurara da kunnensa. Shugabanmu na lokacin, wanda muke kira Mai Rahoto saboda ko fanka ce ta lalace sai an rubuto masa shafi uku, ya karanta takardar sau biyu ya soma gumi. Ya tambaye ni ko cikin malamai muna da wanda ya san harkar waƙa. Shekararsa shida yana gaisawa da Yaya kowace safiya. Na ce ranka ya daɗe, akwai wani a bayan bangon nan.

Aka kira Yaya. Karo na farko a rayuwata na ga ya kafa sharaɗi. Ya ce ba shi zai tsara ba, ɗalibi ne zai tsara, kuma ɗalibai ne za su rera da bakinsu a gaban baƙo. Mai Rahoto ya ce ya ji, a rubuto masa haka a takarda. Ni na buga ta, ina bugawa ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir.

Yara talatin da bakwai suka kawo nasu. Wadda ta yi fice wata yarinya ce 'yar aji biyar, doguwa, mai cin farce, ba ta cika shiga mutane ba. Babanta direban tanka ne, don haka 'Yar Direba kowa ke ce mata. Tata ba irin ta saura ba ce. Murya uku ta raba ta: rukuni na farko su fara, na biyu su shigo a tsakiyar layi, na uku su biyo can ƙasa-ƙasa, kowa da hanyarsa, sai a ƙarshen baiti su haɗu wuri ɗaya. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata haka, sau ɗaya Yaya ya taɓa zana misalinsa a allo kafin malamin lissafi ya shigo. Da ya kai ta gida ya rera murya ta farko, ya dawo ya rera ta biyu, ya dawo ya rera ta uku, Anti ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa, ranar ba ta ba da maki ba. Amma mutum ɗaya bakinsa ɗaya ne. Ya roƙi Anti ta ɗauki murya ɗaya, ni in ɗauki ɗaya. Muka gwada, ni na bi Anti, Anti ta bi shi, muka ƙare duk a hanya ɗaya muna ta dariya, shi ba ya dariya. Waƙar tana nan a takarda, alamu sun nuna tana da kyau, amma ba mahaluƙin da ya taɓa jin ta a haɗe, har da mai ita.

Mai Rahoto ya kafa kwamitin waƙa, mutum bakwai, ba Yaya a ciki, wai don kada a ce an yi son kai. Ya naɗa Mataimakinsa shugaban kwamiti, mutumin da ko wayarsa bai yarda ta yi ƙara ba. Zama biyar suka yi. Yarinyar ta yi waƙarta ne a kan hanyar zuwa makaranta da safe, da takalmi mai matsi, da ƙawar da ke jiran ka a kwana. Kwamiti ya cire takalmin, ya ce zai zubar da mutuncin iyaye. Ya sa katangar da Mai Rahoto ya gina, ya sa sabon banɗakin malamai, ya sa ladabi sau huɗu. Malamin lissafi ya nemi a ambaci lissafi, aka ambata. Yaya bai yi musu a kan ko ɗaya ba. Ya zauna da yarinyar suka danna katanga da banɗaki cikin karin waƙar, ya ce mata kalmomin su ɗauka, karin ne nata, shi kuma ba su san inda yake ba balle su taɓa shi.

Sai maganar gwaji. Yaya ya zaɓi yara sittin, ya nemi izinin su gwada da murya, ko minti goma ne a rana. Mai Rahoto ya ce 'yan ajin ƙarshe suna jarrabawa, a jira. Aka gama jarrabawa, ya ce ai in aka rera yanzu daɗin zai ƙare kafin baƙo ya zo, sabon abu a gaban baƙo ake buɗe shi. Na ce wa Yaya ya kwashe su ya kai su filin ƙwallo na bayan unguwa, ko gidansa, su yi ihu son ransu. Ya ce fitar da ɗalibai sai da takardar izini. Na buga takardar, ta tafi kwamitin fita, kwamitin fita ya tura wa kwamitin waƙa, Mataimaki ya ce zai duba. Har yau yana kan dubawa. Mako uku yara sittin suna tsaye layi uku a ajin Yaya suna gwaji da leɓe da yatsu, ni ina bayan bango ina jin ƙarar agogo ina cizon haƙora. Kullum kafin su tashi sai ya ce musu a hankali, ranar nan fa da murya za ku yi, kun ji ko? Su gyaɗa kai.

Ranar ta zo. Yaya ya sa sabbin kaya. Anti ta zo ta zauna kusa da ni a layin baya na zauren taro, ta ce shekara talatin tana jin waƙoƙin nan a bakin mijinta, yau za ta ji su a bakin mutane. Abin da ba mu sani ba, a taron safe, lokacin Yaya yana can yana jera benci, Mataimaki ya tsaya gaban yara da bulala a hammata ya rantse cewa duk wanda aka ji ko tarinsa a gaban baƙo, ranar zai tattara ya bar makarantar. Bai ware kowa ba. Shi ya ma manta akwai wata waƙa, kwamitinsa ai ya gama aiki ya miƙa rahoto.

Babban sufeto ya iso a makare, dattijo mai tumbi, yana dafe da goshi. Mai Rahoto ya yi jawabin awa ɗaya, rabinsa a kan lambar yabon nan ta katako, wadda aka ciro daga ofis aka jingina a gaban baƙo. Sannan aka ce waƙa. Yara sittin suka hau dandamali layi uku, 'Yar Direba a tsakiyar layin farko. Mataimaki ya koma gefen dandamalin ya tsaya, bulalar tana nan a hammata.

Yaya ya fito gabansu ya ɗaga hannu. Na ga ƙiraza sittin sun cika da iska lokaci guda, na kama hannun Anti. Hannun Yaya ya sauko. Yatsu suka sauka a cinya, leɓɓa suka buɗe, layin farko ya fara, na biyu ya shigo a tsakiya, na uku ya biyo baya, kuma ba abin da ke ƙara a zauren nan sai fanka.

Ya tsayar da su. Ya nuna maƙogwaronsa, ya nuna kunnensa, ya buɗe musu tafin hannu kamar mai roƙo. Wasu suka dube shi, wasu suka saci kallon Mataimaki. Ya sake ɗaga hannu ya sauke, aka sake yin yadda aka yi. Ni dai ban san ko tsoron bulala ba ne, ko kuwa shekara biyar da aka yi ana koya musu cewa haka ake waƙa. Ina jin duka biyun ne, kuma na biyun ya fi ƙarfi, don cikin yara sittin ko da kuskure ba wanda ya saki sauti. Na miƙe zan ce ku buɗe baki don girman Allah, Anti ta janyo mayafina ta zaunar da ni. Sai na ga kafaɗun Yaya sun sauka. Bai sake tsayar da su ba. Ya ci gaba da kaɗa hannu, sama, ƙasa, gaban ƙirji, ya kai su baiti huɗu cif, har katanga da banɗaki, ya dunƙule hannu suka rufe baki tare.

Mai Rahoto ya jiƙe sharkaf, da gani yana tunanin ƙauyen da za a mayar da shi ne. Sai sufeto ya miƙe. Ya ce makaranta talatin da tara ya zaga cikin wata guda, kowacce ta tara masa yara suna ihu a kansa, har sai da likita ya rubuta masa magani. Ya ce yau ne ya ga waƙar da ta dace da wurin karatu, ga tsari ga natsuwa, ba ta hana na kusa aikinsa, kuma zai ba ma'aikata shawara duk makarantu su koyi wannan salo. Ya tambayi wanda ya ƙirƙiro shi. Mai Rahoto, da gumin bai ko bushe ba, ya ce ranka ya daɗe, tsari ne da ofishinmu ya daɗe yana aiki a kansa. Aka yi tafi, shi ma a hankali. Daga baya ni na buga rahoton ranar, shafi goma sha ɗaya, sunan Yaya yana shafi na tara cikin waɗanda suka jera benci.

Da aka kwashi baƙi zuwa ofis cin abinci sai na bi Yaya. Na same shi a ajinsa da sabbin kayansa yana share allon da ba komai a kansa. Na shiga da niyyar in zazzage masa duk abin da ke cikina, in ce ka gani ko, ka ga abin da haƙurinka ya jawo, amma kafin in buɗe baki 'Yar Direba ta shigo. Ta tsaya ɗan nesa tana cin farce, fuskarta cike da murna. Cikin raɗa ta yi magana, don a ajin nan ba ta san wata murya ba sai ita.

"Malam, mun yi daidai ko? Wurin nan mai hawa a baiti na uku, ba wanda ya kuskure."

"Na gani," in ji Yaya. "Ba wanda ya kuskure."

Ta juya za ta tafi, sai kuma ta dawo. Ta ce ita a cikin kanta murya ɗai-ɗai take iya ji, in ta kama ta biyu sai ta farko ta kuɓuce mata, shi ya sa take so ta tambaye shi, tunda shi ne malami.

"Inda muryoyin uku suke haɗuwa ɗin nan, Malam, da daɗi kuwa?"

Na ɗauka zai ce mata da daɗi, don bai iya barin yaro ya tafi da ɓacin rai ba. Ya daɗe yana kallon tsumman share allo a hannunsa. Ta bayan bango muna jin ƙarar cokula a faranti, sufeto yana dariya.

"Ban sani ba, 'yata," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

Yarinyar ta tsaya kamar tana jiran ƙari. Da ta ga babu, ta ce to, na gode Malam, ta fita a hankali. Ni da na shigo da faɗa fal cikina, sai tausayinsa da haushinsa suka haɗe mini, na zauna a bencin yara na yi kuka mai isata, kuma sai da na gama na lura ko ni ban bari an ji ba.